Wa ke riƙe da agogo a filin ƙwallon Lafiya?

A filin wasa na garin Lafiya, kamar a yawancin filayen gasar firimiyar Najeriya, ƙarfe huɗu na yamma aka saba take ƙwallo. La'asar ta yi, rana ta fara sassautawa, kuma akwai sauran hasken da zai kai jama'a gab da magariba. A cikin wannan ɗan tsakanin ake so a buga minti 90, a huta minti 15, a biya abin da aka ɓata, sannan mutane su watse su samu sallah. Ba abin mamaki ba ne da rigimar lokaci ta fi kowace rigima daɗewa a bakin 'yan kallo. In baƙi suna kan gaba, sai ka ji ana ihun gola yana cin lokaci. In masu gida ne a baya kuma wasa ya ƙi ƙarewa, baƙi ne za su koma gida suna cewa alƙali ya rantse ba zai busa ba sai an farke. An saba ɗaukar wannan hayaniya a matsayin son kai na magoya baya kawai. A ganina tarihi ya nuna wani abu daban: abin da ke harzuƙa mai kallo shi ne ƙidayar da ake yi a ɓoye, agogon da ke ɗaure a hannun mutum ɗaya ba wanda ke ganin fuskarsa sai shi. Duk inda aka fito da ƙidayar fili, gardama takan lafa, ko da kuwa an fara da tsine wa sabuwar dokar.

Lafiya ta girmi agogon hannu da nisa. Bare-bari ne suka kafa ta ƙarƙashin Muhammadu Dunama wajen ƙarshen ƙarni na 18, a ƙasar da Alago da Gwandara da Migili da Eggon ke zaune, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da fatauci. Lokaci a wancan zamani rana ce ke yanka shi, ladan kuma ya tabbatar: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, lisha. Wasannin dandali ma ba su buƙatar wani ma'auni da ya wuce ido. A kokawa, an gama da zarar an kayar da mutum. A langa, wanda ya saki ƙafa ya fita. A dambe, kisa shi ne hannu ko gwiwa su taɓa ƙasa, in kuma an yi turmi uku babu kisa sai a raba su, kamar yadda har yau ake yi a gidajen damben Maraba da ke wannan jiha. Muhimmin abu a nan shi ne, ƙarshen wasa abu ne da ke faruwa a gaban kowa. Ana iya musu kan ko gwiwa ta taɓa ƙasa, amma musu ne kan abin da ɗaruruwan idanu suka shaida tare, kuma dattijon da ke bakin fage yana da ikon cewa ya gani daidai da mai rabon.

Agogo da ƙwallon ƙafa tare suka shigo, a bayan Turawan mulkin mallaka. A 1919 aka ɗora Najeriya duka a kan lokaci guda, awa ɗaya gaba da na Landan. A shekarun 1920 layin dogo na gabas da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta Makurɗi da Lafiya zuwa Kafanchan, aka buɗe gadar kogin Binuwai a 1932. Jirgin ƙasa da makarantar boko da barikin 'yan sanda su ne wuraren da aka fara rayuwa da ƙararrawa, su ne kuma wuraren da tamaula ta fara kafuwa. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Legas ce ta mamaye Kofin Gwamna a shekarunsa na farko bayan an ƙirƙiro shi a 1945. Wasan ya zo da abin da dandali bai sani ba, wato ƙarshen da ba a gani. An sa minti 90 a cikin dokokin wasan a 1897, aka kuma damƙa ƙidayarsu ga alƙali shi kaɗai, har da ikon ƙara abin da ya ga an ɓata. Daga nan zargi ya samu ƙofa. Mutanen Lafiya da suka manyanta za su tuna lokacin da garin ke cikin Jihar Binuwai-Filato, Mighty Jets ta Jos kuma ita ce ƙungiyar gida. A 1972 ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko, a shekarar kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale da Bendel Insurance a Legas. Jets ta farke ƙwallo biyu a ƙarshen wasa, aka tashi 2-2 cikin ce-ce-ku-ce kan alƙalanci, aka sake bugawa a Ibadan inda Bendel ta ci 3-2. Fiye da shekara 50 ke nan, ba a daina musun abin da ya faru a mintunan ƙarshe na wasan farkon ba.

In aka bi dokokin ƙwallo na duniya daga wancan lokaci, za a ga kusan duk gyaran da ya yi tasiri a kan cin lokaci gyara ne da ya mai da laifin abin gani. Gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya ita ce mafi ƙarancin ƙwallaye a tarihi, ƙasa da biyu da kwata a kowane wasa, domin 'yan baya sun gano cewa za su iya mayar wa gola ƙwallo ya kama, ya gara musu, su sake mayar masa, har lokaci ya ƙare. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Masu horarwa da masu tsaron raga sun yi kuka, suka ce an lalata tsaron gida. Yau babu mai neman a dawo da tsohon tsarin, saboda laifin a bayyane yake: ko ya kama ko bai kama ba. A gasar 1998 a Faransa aka saba wa duniya ganin alƙali na huɗu yana ɗaga allo da adadin mintunan da za a ƙara, abin da a da sirri ne tsakanin alƙali da agogonsa. Amma dokar da ta ce gola kada ya riƙe ƙwallo fiye da sakan shida, wadda aka kafa a 2000, ta shafe shekara 25 a takarda kusan ba a aiki da ita. Dalili biyu ne. Ƙidayar a zuciyar alƙali take, ba mai iya kama shi da laifin ƙin yi. Hukuncin kuma, bugun tazara a cikin da'irar gola, ya yi nauyin da ba kowane alƙali ke son ɗauka ba.

Shekarar 1996 ta haɗa wa Lafiya abubuwa biyu. A ranar 31 ga Yuli, a wasannin Olamfik na Atlanta, Brazil na cin Najeriya 3-1 har saura minti goma sha biyu, Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ci ta huɗu a ƙarin lokaci. Wata biyu bayan haka, ranar 1 ga Oktoba, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama babban birni. 'Yan kallon sabuwar jihar sun tashi da sanin cewa minti ɗaya na iya juya tarihi, domin shekara biyu kafin nan Roberto Baggio ya farke wa Italiya a minti na 88 ya kore mu daga gasar duniya ta Amurka. Sannan gidajen kallo suka bazu a unguwanni, da tauraron ɗan adam da janareta, kuma a kusurwar kowace talabijin akwai agogo yana tafiya, al'adar da tashar Sky ta Ingila ta fara a 1992. Matashin da ya girma a kan benci a gidan kallo ya saba ganin kowane sakan, ya saba a maimaita masa abin da ya wuce. Da wannan idon yake shiga filin garinsu. Nasarawa United, wadda gwamnatin Abdullahi Adamu ta kafa a 2003, ba ƙaramar ƙungiya ba ce: ta zo ta biyu a bayan Ocean Boys a 2006, ta buga gasar zakarun Afirka a 2007, ta zo ta uku a 2015, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa sau biyu, a 2016 da Ifeanyi Ubah da kuma 2021 da Bayelsa United, duka biyun aka fitar da ita a bugun fenariti. Ta faɗa ƙaramin rukuni a 2023, ta dawo a 2024. Masu goyon bayan ƙungiya mai irin wannan tarihi sun san darajar maki ɗaya, sun kuma san ta inda ake sace shi.

Hanyoyin sanannu ne a duk faɗin gasar, ba na gari ɗaya ba. Gola ya kama ƙwallon da ba ta da wani haɗari ya kwanta a kanta. Ɗan wasa ya faɗi a nesa da inda ake fafatawa, a shigo a ɗauke shi, yana kaiwa bakin layi ya miƙe yana neman izinin komowa. In masu gida ke ci, yaran da ke tsinto ƙwallo su ɓace. In baƙi ke ci, a ɗaga allo da minti huɗu a buga tara. Shekara da shekaru an yi ta kukan cewa cin wasa a waje a gasar Najeriya abu ne mai wuyar gaske, kuma gyara wannan na cikin alkawuran kamfanin LMC da ya riƙe gasar kusan shekara goma kafin a rushe shi a 2022. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa ba a gama musun. Wanda aka ci wa lokaci yana da hujjar neman a ƙara; wanda aka ƙara wa lokaci a kansa yana da hujjar tambayar da wane ma'auni aka ƙara.

Misali mafi bayyana na abin da nake nufi ya zo ne daga wasan da ba mu bugawa, wato besbol na Amurka, inda mai jifa ke wurga ƙaramar ƙwallo, mai sanda kuma ya yi ƙoƙarin make ta. Masoyansa sun daɗe suna alfahari cewa shi ne wasan da ba shi da agogo, kamar dai dambenmu, ana gamawa ne idan an fitar da adadin mutanen da doka ta ce. Amma a hankali mai jifa ya koyi jan rai, mai sanda ya koyi fita ya gyara safar hannu bayan kowace jifa, har matsakaicin wasa ya kai awa uku da minti huɗu a 2022. Abin lura shi ne dokar hana jinkiri tana nan a littafinsu tun tuni, sakan 12 in babu mai gudu a fili, sai dai ba a aiki da ita, daidai da sakan shida na golanmu. A 2023 hukumar gasar MLB ta kafa manyan agogai a inda kowa zai gani: sakan 15 in babu mai gudu, 20 in akwai, mai sanda kuma ya kasance a shirye kafin ya rage sakan takwas. Wakilan 'yan wasa a kwamitin dokoki sun ƙi amincewa, aka rinjaye su. A wasannin share fage na Fabrairun shekarar, shahararren ɗan wasa Manny Machado ne ya fara faɗawa tarkon, washegari kuma wasan Atlanta da Boston ya ƙare 6-6 saboda an yanke wa mai sanda na ƙarshe hukuncin jinkiri ba tare da an jefa ƙwallo ba. 'Yan kallo sun yi ihu, an ce an kashe wasan. Zuwa ƙarshen kakar, matsakaicin wasa ya sauko zuwa kusan awa biyu da minti 40, waɗanda suka shiga filaye suka haura miliyan 70, karo na farko tun 2017. Ba wasan kansa aka rage ba. Zaman jira ne ya ragu.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko su ne masu cewa daɗin wasa yana cikin jinkirin, cikin kallon-kallo kafin a kai naushi, cikin kiɗan kalangu da kirari kafin a shiga turmi. Gaskiya ne, kuma ba zan so a sa wa makaɗan dambe agogo ba. Amma jinkirin da ke gina zumuɗi daban yake da wanda ake yi don a hana abokin karawa damarsa, kuma 'yan kallo ba sa rikita su: na farko shiru yake jawowa, na biyu ihu. Na biyu su ne masu cewa cin lokaci makamin mai rauni ne. Ƙungiyar da ta kwana a mota daga Lafiya zuwa Uyo ko Maiduguri, ta iske filin da kowa ke gaba da ita, me ya rage mata in ba ta kwanta a kan ƙwallo ba? Wannan ce hujja mafi nauyi, sai dai in aka duba da kyau, mai rauni ne agogon ɓoye ya fi cuta. Baƙo yana satar sakan-sakan, amma mai gida ne ke iya samun mintuna. In ƙidaya ta fito fili, baƙo ya rasa ƙaramin makami, mai gida ya rasa babba. Na uku shi ne batun lafiyar jiki. Zafin Maris da Afrilu a kwarin Binuwai ba wasa ba ne, kuma a Amurka ma ƙungiyar 'yan wasan besbol ta yi ƙorafi a 2024 cewa rage agogo daga sakan 20 zuwa 18 na iya ƙara wa masu jifa ciwon hannu. Maganin wannan yana cikin doka: hutun shan ruwa da ake sanarwa a fili, irin wanda aka gani a gasar duniya ta 2014 a Brazil, a tsayar da wasa kowa ya sha, a kuma biya mintunan. Ba kowace sabuwar doka ce ke zama alheri ba. Dokar ƙwallon zinare, wadda ke ƙare wasa da zarar an ci a ƙarin lokaci, da Kanu ya ci Brazil da ita, an soke ta a 2004 saboda ta sa ƙungiyoyi tsoron kai hari. An gane kuskurenta ne domin kowa na kallon abin da take haifarwa.

Haka maganar take a wajen zaɓen 'yan wasa, rigima ta biyu da ke tashi kafin kowace kaka. A Amurka, ƙungiyoyin besbol kan tafi Florida da Arizona a Fabrairu da Maris, su gwada mutane da dama a wasannin da ake sayar da tikiti, a ƙarshe su fitar da sunaye 26. Wannan bai hana maguɗi ba. A 2015 Chicago Cubs ta mayar da matashi Kris Bryant ƙaramin rukuni bayan ya fi kowa haskawa a wasannin gwaji, ta dawo da shi ranar 17 ga Afrilu, a daidai lokacin da kwanakinsa za su gaza cika shekarar aiki da kwana ɗaya, abin da ya ba ƙungiyar ikon riƙe shi ƙarin shekara. Ya kai ƙara ya faɗi. Amma da yake jama'a sun ga wasanninsa sun kuma iya lissafin kwanakin, surutu bai mutu ba, har yarjejeniyar 2022 tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi ta tanadi lada ga ƙungiyar da ta fara kaka da matashinta mai hazaƙa. A nan gida, Nasarawa United da Nasarawa Amazons, wadda ta lashe gasar mata ta ƙasa a 2013 da 2017, da kuɗin jiha ake tafiyar da su, don haka mai sayar da doya a kasuwar Lafiya yana da haƙƙin tambayar yadda aka ɗauki wane aka bar wane. Kowace shekara, a nan da sauran jihohi masu ƙungiyoyin gwamnati, tambayoyin iri ɗaya ne: ina yaranmu na unguwa, me ya sa aka saki wanda ya ci mana ƙwallaye, wa ya kawo wannan? Ba na cewa koci ya nemi ƙuri'ar 'yan kallo kafin ya rubuta suna, ko ya fifita ɗan gida a kan wanda ya fi shi iyawa. Silas Nwankwo da ya ci ƙwallo 19 a 2021, da Anas Yusuf da ya fi kowa ci a kakar 2024/25, duk a rigar Nasarawa United suka yi, kuma ba wanda ya tsaya tambayar asalinsu yayin da raga ke motsi. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a yi wasannin tantancewa ƙofa buɗe, a fitar da jerin sunaye da tsawon kwantiragi a kan lokaci, a faɗi nawa aka sayar da ɗan wasa da inda kuɗin ya shiga. Koci zai ci gaba da yanke hukunci shi kaɗai, amma a kan abin da jama'a suka gani tare da shi.

A Maris na 2025 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta binne dokar sakan shida ta kawo ta sakan takwas. Yanzu alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsunsa, in gola bai saki ba a ba abokan karawa kwana. An sassauta hukuncin yadda za a iya zartar da shi, an kuma fitar da ƙidayar daga zuciyar alƙali zuwa tafin hannunsa. A gasar ƙungiyoyin duniya da aka yi a Amurka a Yunin shekarar, golan Mamelodi Sundowns, Ronwen Williams, ya ɗanɗana ta. Wannan doka ta dace da filaye irin na Lafiya fiye da na'urar bidiyon taimaka wa alƙali, domin ba ta buƙatar wutar lantarki ko kamara ko kasafin kuɗi, kuma mutumin da ke can saman benci zai iya ƙirgawa tare da alƙali. Allon ƙarin lokaci ma haka, in dai kwamishinan wasa zai rubuta abin da aka ɗaga da abin da aka buga, hukumar gasa kuma ta wallafa. Abin da ya rage shi ne tsaron alƙalin kansa. Ƙirga yatsu biyar a kan golan baƙi abu ne mai sauƙi a kowane fili a ƙasar nan. Ƙirga su a kan golan masu gida a minti na 89, ana cin 1-0, yana buƙatar alƙalin da aka biya haƙƙinsa kafin wasa daga asusun hukumar gasa, da jami'an tsaron da za su raka shi har motarsa, da hukuncin da zai hau kan duk ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa shi, ko ta wace jiha ce.